Na Hana Ƙanina Faɗa Wa Likitan Nutso Yana Da Farfaɗiya

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe, domin zuciyata ma ba ta raga mini ba.

Ina aiki a shagon kayan gyaran mota a unguwar Ras Al Khor da ke Dubai. Ni na yi wa ƙanina biza, bari in kira shi Nura, ya zo ya zauna a ɗakina wata da watanni ba aikin fari ba na baƙi, har ya fara jin nauyin sa hannu a kwanon abinci. Sai ga wani kamfani mai wanke ƙasan jiragen ruwa yana neman masu nutso da tukunyar iska a baya. Nura kuwa a bakin dam ɗin Tiga ya tashi, ruwa gidansa ne. Sharaɗinsu ɗaya, sai likita ya tabbatar da lafiyarsa.

To, Nura ya yi farfaɗiya yana yaro. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. Inna ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya ta lafa, aka binne maganar don kada ya rasa matar aure. Ranar ganin likita, muna cikin tasi ya ce, "Yaya, in ya tambaye ni fa?" Na ce, "Khalas, zance ya ƙare, abin da malam ya cire tun tuni, ina ruwan likita da shi?" Ya bi maganata, don bai taɓa yi mini musu ba. Aka ba shi izinin nutso, har na yi ta tsokanarsa ina kiransa Sarkin Ruwa.

Juma'ar da ta wuce, mun dawo daga masallaci yana zuba mana shinkafa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ciwon ne, babu tantama. Na riƙe kansa a cinyata ina kuka har ya lafa. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba, ya tambaye ni me ya faru, ni kuma, kunya ta ishe ni, na ce zafin rana ne ya sa shi jiri. Ya yi dariya ya yarda. Wane irin ɗan'uwa ne ni? Na kira Inna, ta ce in yi shiru, za ta aiko da rubutu. Amma a ƙarƙashin teku wa zai riƙe masa kai? In bututun numfashin ya suɓuce daga bakinsa fa?

Idan na faɗa, aikin ya tafi, wataƙila har da zamansa a Dubai, kuma zai san sau biyu na cuce shi. Idan na yi shiru, ina tsoron da hannuna zan kai shi kabarinsa. Ranar Litinin za su fara shiga teku. Ya rataye rigar nutsonsa a bayan ƙofa, ya roƙe ni in raka shi don in ga shigarsa ta farko.

Me zan yi?