Wanne Kike Shafawa?

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kin tambayi abin da ya sa na daina aiko miki da hotona. Ba waya ce ta lalace ba, ƙarya na yi miki. Ƙuraje ne suka feso mini, ni da shekara arba'in da bakwai a duniya. Muna 'yan mata ke suka addaba, ni ina gefe ina miki dariya. Ashe nawa ajiye mini aka yi. Sun jeru a haɓa da muƙamuƙi, manya masu zafi, ga fatar gefen ido ta fara yamutsewa.

Kin san aikina. Shekara goma sha tara ina tsaye a kantin kayan shafa, bayan teburin gilashi, ƙarƙashin fitilun nan masu tonon asiri. Mata ba sa karanta rubutun jikin kwalba. Fuskata suke kallo su tambayi wanne nake shafawa, in nuna, su saya. Fuskar nan ita ce jarina, kuma tsoro nake ji kada a ɗauke ni daga teburin.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar ta lafa.

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Duk abin da nake hana mata, shi na yi. Kwalaben gwaji da ke kan tebur na bi ɗaya bayan ɗaya, man shafawa kala biyar a yini. Na dirje da sabulu mai kaushi, na matse ƙurajen a gaban madubi, na lafta hoda a kai. Man ƙuraje ya busar da ni kamar ganye, na yamutsewa ya ƙaro ƙurajen.

Likitar fata ta ce da hannuna na ƙona fuskata. Su ƙurajen kuwa, wai canjin jiki ne na shekaru. Ta bar ni da sabulu mai laushi, mai guda ɗaya da na kariyar rana, ta hana ni hoda, ta ce in yi haƙurin wata uku. Wata uku ba hoda a gaban fitilun nan!

Shekaranjiya wata ta tambaye ni wanne nake shafawa. Har na ji sanyi a raina, na nuna mata. Ta ture shi gefe da ɗan yatsa, ta ce in ba ta wani. A kunnen mai kanti. Kashegari mai kantin ta mayar da ni ɗakin ajiya, wai don in huta. Yanzu kwalaye nake farkewa, babu taga, babu madubi.

Na gaji, Yaya.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, na san zai wuce. Ƙurajen sun fara lafawa, amma kowanne ya bar baƙin tabo, wata na huɗu ke nan ba a ce in koma teburina ba.

Akwai wata malamar makaranta, shekara goma sha biyu a hannuna take saye. Ni na koya mata wanke fuska da ruwan ɗumi, ni na raba ta da man bilicin. Yau na fito da kwali a ka, muka yi kiciɓis. Ta dube ni sama-sama ta ce, baiwar Allah, ina mai kyakkyawar fatar nan da ke tsayawa a nan?

Na sunkuyar da kai, na ƙanƙantar da murya, na ce ta bar aiki.

Ta ce Allah sarki, mutuniyar kirki, in na gan ta in gaishe ta ƙwarai.

Na ce to. Na koma ciki na zauna a kan kwali na yi kuka mai isata. Gaisuwar tana hannuna har yanzu, Yaya, ban san inda zan kai ta ba.

A shafa mini kan yara. Kada ki ƙara tambayar hoto.

Taki har kullum,
Auta