Garin Baƙar Tukunya

Zuwa ga jikata Nuriya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a Yamai. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu nan Gaya sai godiya. Gwiwar kakarki Kaltuma ta saki, har ta koma yi mini faɗa, kin ga lafiya ta samu.

To, ga abin da ya hana ni zama. Ranar da kika kira kina kuka, kin ce garin ƙarfen nan da kike gasawa a labo, ɗakin bincikenku, wata huɗu ya ƙi jin maganaɗisu, in bai ji ba za ki bar karatun ki dawo gida. Kin ce sai an ɗebe masa oksijan, an bar gurabe a cikinsa kamar giɓin haƙori, sannan maganaɗisu zai ja shi. Ni ban gane komai ba, na dai ce Allah ya kyauta. Kakarki kuwa tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ce ai wannan aikin tukwane ne. In tana son jar tukunya sai ta bar wuta ta sha iska, in baƙa take so sai ta binne ta da buntun shinkafa tun da zafinta, ta hana ta numfashi.

Na yi mata dariya, na ce tsohuwa ta zama farfesa. Sai ta sa na kwance rediyona na ciro maganaɗisun cikinta, ta daka tsingaro biyu, ja da baƙi, ta kara musu maganaɗisun. Nuriya, jan ya kwanta kamar bai san mu ba, baƙin kuwa ya tashi ya manne kamar gemu! Sau bakwai muka sake. Rediyon dai ta mutu, ban ko yi mata ta'aziyya ba.

Ban ce aikinki tukunya ba ne, kowane allazi da nasa amanu. Amma ta ce in tambaye ki: in kin gasa garin, buɗe murhun kike yi ya huce a iska? In haka ne, ke kike mayar masa da abin da kika ɗebe. Ki bar shi a rufe har ya yi sanyi. Kada ki ɗaure kaya kafin ki gwada.

Ƙulli biyu na garin tsingaron suna hannun Yahaya direba, ja da baƙi. Ki gaida gwaggonki Hasiya da yara. Kakarki ta ce in ya manne a sa sunanta a takardar. Ni rediyo kawai za a mayar mini.

Naki kaka,
Hama