Ƙararrawar Wulang

Praihamba, Sumba
Yuli, 1994

Zuwa ga yayana Umbu Windi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Yaya Mbali, da aikin tashar jiragen ruwa, da zafin Surabaya da kullum kake kuka da shi amma ka ƙi barinsa. Mu nan ƙalau, sai dai mahaifinmu. Idon Ama ya ƙarasa rufewa tun bayan girbin masara, abinci kuma sai an yi ta lallashi. 'Yarka Kahi tana duba shi kullum in ta taso daga asibiti. Har yanzu tana kumbura fuska kan saƙonka, da ka ce kada wani mai bin dawaki ya tako mana gida da maganar aurenta. Na bi umarninka, ko sunan mutumin ban bari ta faɗa mini ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yaya, na ga Wulang!

Kada ka ce na zare. Na san an kusa shekara talatin da aka ja goɗiyar daga gidan nan cikin dukiyar aurenka. Kai ka sami mata, ni na sami kuka. Ranar Asabar Kahi ta ja ni Waingapu kallon gasar ƙananan dawaki, na tafi ina ƙorafi don na bar zarena cikin baba. Tsere bai dame ni ba. Da aka zo rawar dawaki, aka buga kugen tagulla, sai ga wata goɗiya gunya, tsayinta bai wuce ƙirjina ba, da 'yan ƙararrawa a ƙafafu. Duk sauran suna faɗawa tare da kugen. Ita sai ta ɗan jinkirta, tana yi wa makaɗa yanga, sannan ta ɗaga ƙafar hagu. Na ture mutane, na taka ƙafar wani mai kaki, na isa bakin shinge. A goshinta ga cibiyar gashi guda biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ita ta cinye gasar, ni kuma na yi ta ihu har Kahi ta ce, "Mamu, gwaggona, don Allah ki rufa mini asiri, abokan aikina suna nan."

Tun ranar nake ta tuna zamanin da. Ka tuna Kandunu, gajeren dokin nan mai tumbi da ya tsani kowa sai ni? Ka ce kai jarumi ne, ka haye shi ba sirdi ba linzami a gaban 'yan matan da ke wanki, ya kai ka tsakiyar rafi ya kwanta da kai. Shi ne ya cinye mini hular makaranta. Wulang kuwa ta Ama ce, shi ya koya mata rawa da hannunsa a gindin tsamiya. Ranar da za a tafi da ita ya kwance mata ɗaurin ƙararrawa ya sa a saman ɗaki. Aka duba, guda ɗaya babu, ni aka daka a kai. Har yau ban san inda ta shiga ba.

Da na dawo na ba Ama labari. Ya ce, "Da wace ƙafa ta fara?" Na ce hagu. Ya ce a zubo masa shinkafa, ya cinye tas. Daga baya ya riƙe hannuna ya ce, "Lika, in ji takunta sau ɗaya kafin in tafi." Na yi masa alkawari, ban ma tsaya tunani ba.

An ce goɗiyar ta gidan Umbu Ndamung ce a Kanatang, sunanta Mbaru. Tsagar kunnenta ba tamu ba ce, kuma ka san ba a faɗa wa gidan babban mutum a tambayi dokinsa sai da hanya. To zan nemo hanyar. Gobe zan fara da surukanka na Melolo.

Ka gaida Yaya Mbali. Ama yana tambayarka, tun jana'izar Ina, mahaifiyarmu, bai ji muryarka ba.

Ƙanwarka,
Rambu Lika


Praihamba
Agusta, 1994

Yayana Umbu Windi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fatan ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi. Ama yana nan da ɗan dama-dama, ya koma fitowa baranda yana shan hantsi. Ban ga amsarka ba, amma ba zan jira ba, labarin ya cika mini ciki.

Na je Melolo a bayan babbar mota, tsakanin buhunan gishiri da wani alade mai baƙin hali. Surukarka Apu Tawuru tana nan da ranta. Haƙori babu, sai an daka mata goron pinang kafin ta tauna, amma bakin nan bai mutu ba. Na fara yi mata bayanin tsagar kunne, ta katse ni.

"Ke ma kin zama 'yar birni? Kunne gida yake faɗa miki, ba uwa ba. Duk inda aka haifi duƙushi tsagar gidan ake yi masa. In jini kike nema, ki bi amare. Duk ƙofar da amarya ta shigo, ta nan doki ya fita."

Na tambaye ta ƙarshen Wulang. Ta ce ba a yanka ta a jana'izar kowa ba, mijinta ya hana. Tsufa ta yi, ta kwanta a inuwa ta mutu. Yaya, na yi kuka, amma na daɗi. Shekarun nan duk ina tsoron tambayar.

Ta ce Wulang ta haifi maza da yawa, mace ɗaya tak, gunya mai cibiya biyu. Ita aka kai Lewa lokacin da ƙanen matarka ya yi aure. Ta ƙara da cewa, "Ki gaya wa mijin 'yata ban mutu ba tukuna, in yana jiran sanarwa ne."

Daga nan sai Lewa, inda sanyi ya kusa kashe ni. Maigidan, wani tsoho Umbu Kalikit, ya rantse ya maimaita cewa goɗiyar ba ta bar 'ya mace ba. Matarsa tana surfe a gefe, ta ajiye taɓarya ta ce, "Kai da ba ka san sunayen jikokinka ba? Ba ita ce ta cije ka a gindi ranar da za a kai dukiyar Hapu ba?" Ya ce wannan ai namiji ne. Ta ce, "Namiji ne ya je Kanatang ya haihu?" Muka yi ta dariya har shi kansa. Hapu ɗansu ne, kuma 'yar Umbu Ndamung ya aura.

To ga lissafin, ka riƙe. Wulang ta je Melolo don a kawo maka mata. 'Yarta ta je Lewa. Jikarta ta je Kanatang, a can ta haifi Mbaru. Tattaɓa-kunnen Wulang ce, ba tantama! A hanyar dawowa na yi ta faɗa wa duk wanda ke cikin motar, har wata mata ta canza wurin zama.

Da na jera wa Ama gidajen, ya bi su da yatsa a kan tabarma, ya ce, "Ta yi tafiya." Yanzu ina da hanyar shiga gidan Umbu Ndamung. Ba ni da bauna ba ni da zinariya, amma ina da zanen nan mai hoton dawaki da na yi damina biyu ina saƙawa. Da shi zan je.

Kahi tana gaishe ka, ko da yake ba ta ce ba.

Taka,
Lika


Praihamba
Satumba, 1994

Yaya Windi,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Mbali, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan. Na yi ɓarna, kuma ban yi nadama ba.

Na je Kanatang. Umbu Ndamung dogo ne, mai furfura, mai dariya da ido. Aka shimfiɗa tabarma, aka miƙo pinang, na jera masa hanya tun daga gindin tsamiyarmu har ƙofarsa. Ya sa aka kawo Mbaru. Ta shinshina kafaɗata, ta ɗora haɓa a kai. Daga nan hankalina ya bar jikina. Na warware zanen na shimfiɗa a gabansa, na ce ya ba ni goɗiyar, mahaifina ba shi da sauran lokaci.

Ya dubi zanen, ya dube ni. Ya ce, "Rambu, fatake sun zo daga ƙetare da kuɗi a jaka na kore su. An riga an ambaci sunan goɗiyar nan a dukiyar auren ɗana Yiwa. Ita za ta shiga gaba. Abin da aka ambata kuwa ba ya komawa kasuwa."

Na tambaya yaushe ne bikin. Ya ce babu rana, uban yarinyar ya ƙi, wai ba ya son mai bin dawaki. Ka san bakina. Na ce, "Wane irin uba ne wannan? A Sumba aka haife shi ko a cikin kwali? A kawo masa irin wannan goɗiya ya ce a'a? Ku nuna mini shi in wanke shi tas!"

Ya ce, "Yana da ɗan nisa. Yana Surabaya. Windi sunansa."

Matan gidan da ke laɓe bayan bango suka fashe da dariya. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Kafin in farfaɗo ya naɗe zanena ya ɗora a cinya, ya ce, "Wannan kuma na karɓa da hannu biyu. Tun kakanni gidan mace ke shimfiɗa zane, gidan namiji ya ja doki. Ke kika fara, ba ni ba." Ni da nake saƙa tun ina yarinya, a ce na manta abin da zane yake nufi a gaban doki! Murna ce ta rufe mini ido.

Da na dawo na tsare Kahi. Na ce wato da gangan kika kai ni gasar. Ta ce, "Mamu, ni dai na ce ki zo kallo. Kuma ki gaya wa Ama na, yayanki, mutumin na zaɓa tun kafin in san yana da goɗiya." Na ga Yiwa da idona, Yaya. Shi ne ya hau Mbaru ranar gasar. Yana da natsuwa, yana da gona, yana kallon 'yarka kamar yadda ka kalli Yaya Mbali har aka kwashe mana garke. Ba don doki nake ba da 'yarka ba. Da mutumin banza ne, ko Wulang ce ta tashi daga kabari ba zan yarda ba. Kuma dubi hanyar: mu muka kai Melolo, Melolo suka kai Lewa, Lewa suka kai Kanatang. Saura Kanatang su kawo mana. Dattawa sun ce ba su taɓa ganin hanyar da ta zagayo daidai haka ba.

Jiya Umbu Ndamung ya yi mana karamci. Ya zo da Mbaru da makaɗansa, amma ya tsaya a bakin ƙofar dutse ta gari. Ya ce ba za ta tsallaka ba sai uban yarinya ya karɓi igiya da hannunsa. Muka ɗauko Ama a kujera muka ajiye shi daga ciki. Aka buga kuge. Aka yi wannan ɗan shirun, sannan ƙararrawar hagu ta amsa. Ama ya miƙe tsaye, shi da sai an tallafa. Ya miƙa hannu ta saman dutsen, ya laluba goshinta har ya sami cibiyoyin nan biyu. Ya ce, "Kin daɗe."

Babu wanda bai share ido ba. Dattawa suka ce tunda shi ne kaka, ya karɓi igiyar a gama. Ya ƙi. Ya ce, "Saboda Windi na ba da ita. Windi ne zai shigo da ita." Aka juya da ita Kanatang, yana tsaye yana saurare har ƙarar ta ɓace.

Na cika rabin alkawarina, ya ji takunta. Sauran yana hannunka. Ama ba zai ga wata damina ba, Kahi ta faɗa mini, kuma aikinta ne ta sani. Ka zo gida.

Ƙanwarka mai ɓarna,
Lika


Praihamba
Oktoba, 1994

Yayana na kaina,

Gaisuwa da murna! Saƙonka ya iso, na karanta wa Ama sau uku, na karanta wa maƙwabta, na kusa karanta wa kaji. Zagin da ka yi mini a shafin farko na yafe, tunda shafi na biyu ya ce kuna cikin jirgin ƙarshen wata kai da Yaya Mbali. Kahi ta ƙona shinkafa don rawa. Na aika Kanatang, na aika Melolo. Apu Tawuru ta ce ko a buhu ne a ɗauko ta.

Ama ya sa na hau saman ɗaki na sauko da ɗaurin ƙararrawar Wulang. Tun safe yake zaune a baranda yana goge su da toka da tsamiya, ya hana kowa taɓawa. Ya ce su za a ɗaura wa Mbaru ranar da za ta shigo. Na tuna masa ai guda ɗaya babu, wadda aka dake ni a kanta. Ya yi murmushi ya ce, "Ina ce kin sani? Bayan an dake ki na gan ta, ta faɗo daga ɗamarar ango, ya yi wuf ya mayar. Ya fi ki kuka ranar, a bayan rumbu ya yi nasa."

Shekara talatin, Yaya! Za mu yi wannan shari'ar in ka iso, kuma ka tanadi bayani.

Kada ka wahalar da kanka da tsaraba. Ama ya ce in gaya maka ya bar gurbin ƙararrawar a jikin ɗaurin, bai sa wata ba. Ka taho da ita.

Sai na gan ka a bakin jirgi,
Ƙanwarka,
Rambu Lika