Murmushin Tela

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya ciwon ƙafar? Ina fatan kowa yana lafiya.

Saƙonka ya iso, ko da yake ka kasa faɗa mini da bakinka, sai matarka ka sa ta kira ni. Wai kada in zo bikin 'yarka Auta, saboda uwar ango ta ce ba ta ƙaunar ganin fuskata tun da ta kalli fim ɗin da na fito a tela mai ƙwace mijin ƙawarta. Kai kuma ka ce to!

Fitowata a fim ɗin nan ba ta taka kara ta karya ba, amma an manta da jarumar, ni ake tunawa, ina auna kafaɗar mijin ina yi wa matar murmushi. Kai ka fi kowa sanin inda na samo murmushin nan. Irinsa macen da na samu da tsohon mijina a falona ta yi mini ranar, kuma kai ka zo ka kwashe ni da akwatunana.

Wata ta taɓa jifana da takalmi a kantin magani, na yi dariya, na ce aiki ya yi kyau. Ita ba ta san ni ba. Kai fa? Wa ya goya Auta lokacin da uwarta ke kwance a asibiti?

Ƙanwarka da ka ji kunyarta.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya hidima? Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi.

Jiya Auta ta same ni a wurin ɗaukar fim. Tana tsaye bayan fitilu har darakta ya sallame mu, idanunta jajur. Ashe ce mata kuka yi aiki ne zai hana ni zuwa bikin! Ƙarya fure take yi, Yaya, a bakin ango ta ji gaskiya. Ta rantse ba mai ɗaura mata ɗankwali ranar in ba ni ba. Shi ma yaron ya kira, yana ta ba ni haƙuri kan laifin da ba nasa ba.

Don haka ina nan zuwa, saboda ita. Ni da kai kuwa sai na huce, kuma ba yau ba, ba gobe ba. A layin gaba zan zauna. Ka gaya wa uwar ango ta riƙe mijinta da hannu biyu.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Gwaggon amarya