Hoton da Muka Yi Cigiya da Shi

Litinin, 3 ga Maris
Na aiki 'Yar Baƙa, babbar 'yata, kasuwa tun ƙarfe biyu ta sayo min zif da zare. Ga shi shida ta wuce. Da farko masifa nake tanada mata, har na gama shirya abin da zan faɗa. Yanzu masifar ta gudu. Na kulle shago na bar ɗinkin mutane a kan keke. Mai zaren ya ce ta zo ta saya ta tafi. Shekararta sha uku, ba ta taɓa yin haka ba. Ba ta da waya, ni na hana.

Talata, 4 ga Maris
Ba ta kwana a gida ba. Na rubuta, na karanta, kamar a gidan wasu abin ya faru.

Da safe ni da babansu muka je wurin 'yan sanda. Wata mace ce ta ɗauki bayani. Tsayi, kaya, shekaru. Sai ta ce, "Fara ce ko baƙa?" Bakina ya riga ni: "Wankan tarwaɗa ce." Babansu ya juyo ya dube ni. Haka na saba faɗa, to me zan ce?

Ta nemi hoto. Na ba ta wanda muka yi wurin mai hoto bara, ita da Auta. Ya yi kyau sosai. Shi aka yanko aka buga a takardar cigiya, aka kuma tura wa mutane ta waya. Mun zaga asibiti uku. Ko'ina sai nas ta karɓi hoton ta duba ta ce babu.

Laraba, 5 ga Maris
Gida ya cika da mata. Kowa da labarin yarinyar da aka sace a unguwarsu, sai ka ce wannan na kira su su faɗa min. Wata har da cewa wai masu sata farare suka fi so, in kwantar da hankalina. Na ga alama lallashi take nufi. Da ƙyar na hana kaina marinta.

Auta ta ƙi cin abinci. Ta tambaye ni ko Yaya ta ji haushi ne don ranar Asabar na ce kada ta sa jar rigar, ba ta karɓarta. Na ce ta rufe min baki.

Tsoro nake ji. Duk motar da ta tsaya a waje sai na leƙa.

Alhamis, 6 ga Maris
Gwaggonsu ta iso, yayar babansu. Ni da ita dama sai a hankali. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ciro takardar da muka manna a ƙofar gida ta shigo da ita.

"Wannan 'yar waye?"

Na ce wane irin zance ne wannan. Ta ce, "Ni dai na san 'yar ƙanina. Wannan in na gamu da ita a hanya wucewa zan yi. Ke wa kike so a samo miki?"

Na karɓi takardar da niyyar in yi mata tatas. Sai na duba. Wallahi na duba kamar ban taɓa gani ba. Ranar da aka ɗauka ni ce na tsaya a bayan mai hoton ina cewa ƙara mata haske, ƙara kaɗan, yawwa, ta kusa da ƙanwarta. Hancin ma ya ɗan matse mata, na ce ya iya aiki.

Na buɗe wayata. Hotunanta sun fi hamsin. Babu ko ɗaya da ban bi da abin nan na waya mai wanke fuska ba, na asalin kuma duk na goge. Babansu ba mai ɗaukar hoto ba ne. Wato kwana uku gari guda yana neman yarinyar da babu ita.

Gwaggo ce ta lalubo wani a tsohuwar wayarta. Yarinyar na tsugune tana wanke-wanke, ta ɗago tana dariya, baƙa wuluk, ga wushiryarta. Da a da ne da na ce a goge. Babansu ya karɓa ya fita a guje wurin masu bugawa. Ya koma wurin 'yan sanda ya ce a gyara, a rubuta baƙa. Bai ce in raka shi ba.

Juma'a, 7 ga Maris
An kira. Yanzu za mu fita, bari in

Asabar, 8 ga Maris
Tana da rai. Alhamdulillahi. Tana da rai.

Jiya da hantsi wata nas ta kira lambar babansu, ta ga sabon hoton a wayar ƙawarta. Asibiti na biyu da muka je ranar Talata. Tun Litinin da yamma take can, babur ne ya kwashe ta a bakin kasuwa, wasu suka kai ta ba ta san inda kanta yake ba. Babu wanda ya san sunanta. Ranar da na tsaya a gaban teburinsu, bango ɗaya ne tsakanina da ita.

Nas ɗin ta gane ni. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Maman yarinya, na shiga da hoton da kika ba ni har gadonta na gwada. Fuskar ta kumbura, sai launi na duba. Na ce wannan ba ita ba ce." Ta ce tun Laraba takan ɗan motsa baki, suna jin kamar Mama take cewa.

An aske mata gefen kai, an yi ɗinki. Ƙafar hagu a karye. Likita ya ce sai ta farka sosai za a san ko kan ya taɓu. Na tambaye shi da mun zo da wuri fa? Ya ce su dai sun yi aikinsu tun ranar. Ban san ko don ya ga halin da nake ciki ya faɗa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ba ta farka ba. Ina zaune ina ƙirga numfashinta. Babansu yana magana da ni, amma iya zancen ruwa da magani.

Talata, 11 ga Maris
Jiya da la'asar ta buɗe ido. Ta gane ni, ta gane Gwaggo. Abin da ta fara cewa wai zaren ya zube a titi, in yi haƙuri. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Ba ta san zancen hoton ba tukuna. Takardun farko na nan manne a unguwa, za ta gani. Wannan ma wani tsoron ne, ban san da bakin da zan yi mata bayani ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Ta sha shayi rabin kofi, ta zauna da matashi a baya.

Yau na ga fuskata a madubin banɗakin asibiti. Kwana goma ban shafa man nan nawa na ƙara haske ba, goshi da wuya sun fara komawa yadda suke ina budurwa. Babansu ya ce ko ya kawo min daga gida, na ce ya bari. Ba wai dainawa na yi ba, wurin ne babu sarari.

Matar da ke jinyar uwarta a gadon kusa da mu ta daɗe tana kallonmu. Ɗazu ta kasa haƙuri. "Wai 'yarki ce ta cikinki? Ikon Allah. To wa ta ɗauko haka?"

Shekara sha uku amsa ɗaya nake bayarwa, dangin ubanta. Gwaggo na zaune, har ta gyara zama tana jira.

Na ce, "Ni ta ɗauko."

Matar ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Yarinyar dai idonta biyu, ta ji.