Faifanki a Majalisar Karolina

Zuwa ga kakata, Hajiya Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan rahamar Ubangiji tana iske ki a makwancinki, jikarki Hafsatu ce daga Alƙahira. Labarin nan naki ne, kuma ya ƙi zama a cikina.

Kin san halina. Tunda aikin Baba ya kawo mu unguwar Mohandisin, ba wanda ya san muryata a makaranta. Kujerar baya nake zama, littafin soyayya a ɓoye cikin na karatu. Har malamar tarihi ta kira Baba ta ce in ban buɗe baki a aji ba wannan zangon, khalas, wato shi ke nan, sai na maimaita darasin.

Tarihin Amurka muke yi, farkon samun 'yancinta, wata jiha wai ita Karolina ta Kudu. Sai malama ta mai da ajin majalisar jihar. Rabi attajiran bakin teku masu gonakin shinkafa, rabi ƙananan manoman tudu da ke ƙorafin sun fi yawa amma kujerunsu kaɗan. Rigimar nan ce ma ta sa aka ɗauke babban birni daga gaɓar teku zuwa tsakiyar jiha. Aka sa ni cikin attajirai, kuma Iya, daɗi na ji. Irin gidajen littattafaina ne, masu dogayen ginshiƙai, budurwa a baranda tana jiran wani.

Sai na ci karo da wani zane a littafin. Mata baƙaƙe, ga turmi ga taɓarya, ɗaya riƙe da faifai. Yadda ta ɗan karkata ƙugu ta dafe bakin faifan da manyan yatsu, wallahi ke ce a tsakar gidanmu na Kura. Bayi ne da aka kwaso daga yammacin Afirka, da yawansu da sanin shinkafarsu suka tafi. A bakin tekun sun fi Turawan yawa. A majalisar kuwa ko wurin tsayuwa ba su da shi.

Na tuna ranar da kika fara koya mini bakace, na watsar da shinkafa kaji suka yi biki. Ba ki yi faɗa ba. Cewa kika yi, “Ba a yi wa faifai ƙarfi, lallaɓa shi ake yi.”

Faifanki yana rataye a kicin ɗin Mama ba aikin yi, don shinkafar nan tsaf take zuwa cikin leda. Da na yanke shawarar kai shi aji, sai da muka sayo dusa muka cakuɗa da ita. Yaya Sadiƙ yana ta tsiya, wai duk Masar mu kaɗai ke ɓata shinkafa da gangan.

Ranar zaman majalisa aka kira sunana. Na bar jawabin attajirai a kan tebur, na fita da faifai na fara bakace. Fanka ta kwashi dusar ta zuba wa 'yan layin gaba, wata Bamisriya ta dinga atishawa. Na ce mata ma'alish, wato ta yi haƙuri, aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Daga nan harshena ya saku.

Na ce musu sun yini suna jayayya a kan kujeru, ba wanda ya tambayi hannun da ya cashe shinkafar da ta gina gidajen. Na ce da yawun matan nan zan yi magana, kuma a tsaye, tunda ba a ba su kujera ba. Na nuna musu yadda tsaba ke dawowa gun mai bakace, dusa ta yi gaba. Iya, har aka kaɗa ƙararrawa ban gama ba, kuma ba wanda ya tashi.

Malama ta rage mini maki, wai ba ɓangaren da aka ba ni na wakilta ba. Amma na ci. Ta gaya wa Baba yanzu matsalarta yadda za ta sa ni in yi shiru.

Allah Ya kai haske kabarinki, Iyata, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ji ƙan matan nan da ba mu san sunayensu ba, Ya hutar da hannuwansu. Amin.

Taki har kullum,
Hafsatu