Inna, Ni Na Ce Maraɗi Kusa Ce

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Jikarki Zainab ta ci jarrabawar shiga jami'a. Wuri biyu ke gabanta: Katsina, ga ta nan kusa, ko Ilori, inda ake karatun haɗa magunguna da take so. Ranar Juma'a ake rufe canjin zaɓi. Shekara ashirin ina zaunar da 'ya'yan mutane a ofishina ina nuna musu yadda ake zaɓen makaranta, amma da ɗiyata ta miƙo min takardarta, sai na kasa ba ta shawara.

Kin san dalili. Lokacin da yayanta Usman zai tafi karatu, kin ce a bar shi inda zai iya zuwa ya kama makararki. Na zana miki taswira a bayan kalanda. Na ce Maraɗi ta fi ko'ina: tafiyar sa'a guda daga nan Jibiya, ga 'yan'uwanki can, ga direbobin da suka san ƙofar gidanmu. Har dariya na yi wa masu kai 'ya'yansu Kudu. Mu da muke zuwa suna a Maraɗi mu dawo mu ci tuwo a gida, ban taɓa lissafa iyakar nan a matsayin nisa ba.

Kin rasu ranar Talata da hantsi, iyaka tana rufe. Usman ya zo har bakin shinge, aka hana shi wucewa. Ya kira ni ya ce ya sami mai babur da zai bi da shi ta daji ya fito Magama, nan kusa da mu. Kin san abin da ke cikin dajin nan. Ni na hana shi, Inna. Aka sallace ki bayan azahar yana tsaye a rana, wayarsa a kunne. Ɗan maƙwabcinmu da ke karatu Zariya ya iso, ya kama makara.

Tun daga ranar nan Usman bai zauna cin abinci da ni ba. Gaisuwa kawai.

Kawunnan Zainab sun ce a bar ta Katsina, mace ce. Su ne kuma ba sa bin hanyar Katsina bayan la'asar.

Jiya na zaunar da ita. Ban zana komai ba. Muka bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ko ɗakin kwanan ɗalibai yana cikin katanga, wa za ta kira idan zazzaɓi ya kama ta, hanya nawa ce ke kawo mutum gida idan ɗaya ta toshe. Sannan na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa wa yayanta: duk inda ta zaɓa, mai yiwuwa a binne ni ba ta iso ba, kuma na yafe mata wannan tun yanzu.

Ta yi kuka, ta zaɓi Ilori. Da safen nan na raka ta shagon kwamfuta aka tura.

Alƙawarin da na yi miki cewa Usman zai kama makararki ban cika ba, ki yafe min. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tsare Zainab a hanya, Ya sassauta zuciyar Usman a kaina.

Ɗanki,
Lawal, daga Jibiya